Tambayoyin Masu Karatu: Ta yaya makaho zai kama kuskuren rubutunsa da kansa?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a wata kwalejin ilimi, ina karanta Hausa da Turanci. Na rasa ganina ina da shekara 14. Ina da kwamfutar tafi-da-gidanka mai manhajar NVDA, wadda ke karanta wa makafi abin da ke kan kwamfuta da murya, kuma da kaina nake buga aikin makaranta. Damuwata ita ce duk aikin da na miƙa, in ya dawo sai ƙawata ta ce min malami ya cika shi da jan biro, wai kuskuren harafi. Alhali kafin in miƙa sai na saurare shi daga farko har ƙarshe, ban ji wani abu ya karkace ba. In kuwa Hausa nake rubutawa, kowace kalma sai muryar ta ce kuskure ce, har na gaji na daina kula ta. Shin akwai hanyar da zan duba rubutuna ba sai na jira mai ido ba?

Ɗaliba, daga Katsina

AMSA

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah Ya yi wa karatunki albarka. Hanya akwai, kuma ba sai kin sayi komai ba, duk abin da zan faɗa miki yana cikin kwamfutar da ke gabanki.

Amma bari in fara da abin da kika ce kina yi, wato sauraron aikin daga farko har ƙarshe. Wannan sauraron yana da amfani, zai nuna miki inda kika tsallake kalma ko inda jimla ta rikice. Sai dai ba zai taɓa nuna miki kuskuren harafi ba, domin muryar kwamfuta sautin kalma take ba ki, ba ta ba ki haruffan da ke cikinta. A Turanci their da there sauti ɗaya ne a kunne. Haka principal da principle. In kika rubuta accommodation kika bar m guda ɗaya, muryar za ta karanta miki ita lafiya lau kamar ba abin da ya faru. Mai ido yana ganin surar kalma kullum, a allon talla, a jikin mota, a kan kwalin magani, har ta zauna masa ba tare da ya yi niyya ba. Mu kuwa sai mun je mun nemi haruffan ɗaya bayan ɗaya. Don haka ki cire wa ranki cewa sakacinki ne.

Ni ƙyanda ce ta tafi da idona tun ina ƙarami, kuma na daɗe ina koya wa 'yan'uwana makafi kwamfuta. Na taɓa rubuta wa wani ofishi takardar neman a taimaka wa ɗalibaina da na'urori. Na saurare ta sau uku kafin in aika. Daga baya wani abokina da ya ga kwafinta ya shaida min cewa a wuri biyu na rubuta form a maimakon from. Kalma ce sahihiya, don haka kwamfuta ba ta ja mata layi ba, ni kuma na sa muryar tana gudu sosai, kunnena ya wuce ta. Abin ya dame ni ƙwarai, saboda takardar tana cewa ne makafi za su iya aikin ofis in an ba su kayan aiki. Tun daga ranar na raba duba rubutu gida biyu: wanda na'ura za ta yi min, da wanda dole ni zan yi da yatsuna.

Na na'ura ya fi sauƙi, kuma shi ne zai ɗauke miki yawancin jan biron Turanci. A cikin manhajar rubutu ta Word, kalmar da ba ta cikin ƙamus ana ja mata jan layi a ƙasa, wanda masu ido ke gani. NVDA tana iya sanar da ke wannan layin. Ki danna Insert da Control da D tare, za ki shiga saitin da ya shafi tsarin takarda, ki tabbatar an kunna sanar da kuskuren rubutu. A saitin maɓallai kuma akwai wani zaɓi da ke sa ta yi 'yar ƙara da zarar kin gama buga kalmar da ba daidai ba. Ki bar shi a kunne. Gyara a lokacin da kalmar ke kan yatsunki ya fi dawowa nemanta bayan shafi 10.

In kin gama rubutu, ki danna Control da Home ki koma saman takarda. Mutane da yawa F7 suka sani, wanda ke buɗe babban akwatin duba rubutu. Ni na fi son Alt da F7, domin kai tsaye yake kai mutum kan kuskure na gaba, ya buɗe masa jerin kalmomin da kwamfuta ke zaton su yake nufi. Sai ki sauka da kibiyar ƙasa, in kin sami wadda kike so ki danna Enter. Akwai kuma wata hanyar ta NVDA kanta: ki danna Insert da maɓallin tazara, takardar za ta koma yanayin karatu, daga nan duk lokacin da kika danna harafin W sai ta yi tsalle zuwa kuskure na gaba, Shift da W kuma ta koma na baya. Ki tuna ki sake danna Insert da tazara kafin ki fara gyara, in ba haka ba za ki yi ta bugawa ba abin da ke shiga. Masu amfani da JAWS, wata manhajar karanta wa makafi irin NVDA, su Alt da Shift da L ne ke tara musu kurakuran gaba ɗaya a jeri guda.

Ga inda ɗalibaina suka fi faɗawa rami: karɓar shawarar farko da kunne kawai. Kwamfuta za ta iya ba ki kalmomi uku masu kama da juna a sauti, ki zaɓi ta farko, ki cire kuskure ki sa wani kuskuren wanda ba za a sake ja masa layi ba. Idan kina kan shawarar, ki riƙe Insert ki danna Tab sau biyu da sauri, za ta jero miki haruffanta. Sai kin ji su sannan ki yarda.

Aikin yatsu kuwa maɓalli biyu ne ginshiƙinsa, kuma ina so su zame miki jiki kamar yadda sanda ta zame mana. In kwamfutarki na da lambobin gefen dama, ki kashe Num Lock. Lamba 5 tana faɗin kalmar da kike kai, in kin danna sau biyu ta jero haruffanta, sau uku kuma ta jero su da sunayen nan na alfa, birabo, cali, don kada ki rikita b da d ko m da n. Lamba 2 kuma harafi ɗaya take faɗa. In babu lambobin gefe, ki sa NVDA a tsarin ƙaramar kwamfuta, sai Insert da Control da aya su tsaya a madadin 5, Insert da aya kuma a madadin 2. Ba na cewa ki bi takarda mai shafi 20 harafi-harafi, ba mai iya wannan. Ki bi ta kalma-kalma da Control da kibiyar dama, ki rage gudun muryar, ki tsaya a kan sunayen mutane da na garuruwa, da kalmomin da kika san suna da tagwaye a sauti, da duk wadda zuciyarki ta yi ɗar a kanta. Sunan malaminki da taken aikin kuwa, waɗannan ki bi su harafi-harafi ko da kin tabbata.

To, yanzu mu zo kan Hausa, wadda ita ce ta sa na zaɓi wasiƙarki a wannan fitowar.

Abin da ya sa muryar ke ce miki kowace kalma kuskure ce shi ne Word tana auna Hausarki da ƙamus na Turanci. Ta ga "makaranta" ta neme ta a Turanci ta rasa, sai ta ja layi. Illar wannan ta wuce ciwon kai, domin kin faɗa da bakinki cewa kin daina kula ta, kuma kunnen da ya saba watsi da gargaɗi a Hausa zai yi watsi da shi a Turanci ma. Maganinsa: in takardar Hausa ce zalla, ki danna Control da A ki zaɓe ta duka, sannan ki danna Alt, ki saki, ki danna R, sai U, sai L. Akwatin zaɓen harshe zai buɗe, a cikinsa akwai wurin da za ki ce kada a duba rubutun wannan sashe. In aikin gauraye ne, sai ki zaɓi sakin layin Hausar kawai ki yi masa haka, ki bar na Turancin ana duba shi.

Da kin yi wannan shiru zai samu, amma duba Hausar ya dawo wuyanki. Kuma babban abin da ke cin makin makafi a Hausa haruffan nan ne masu lanƙwasa: ɓ da ɗ da ƙ. Muryar Turancin da yawancinmu ke aiki da ita ba ta san su ba. Wata ta haɗiye harafin ta yi shiru, wata ta faɗi wani abu dabam, don haka da kunne ba za ki iya rantsewa ko kin sa lanƙwasar ko ba ki sa ba. Alhali a Hausa lanƙwasar nan ita ce ma'anar. Kasa dabam, ƙasa dabam. Kafa dabam, ƙafa dabam. Baki sun zo ba baƙi sun zo ba ne. Bari da ɓari kuwa, ke da kanki kin san nisan da ke tsakaninsu. Misalin da nake ba kowane sabon ɗalibi shi ne wanda ya rubuta "ya bata kuɗi". Me yake nufi? Ya ba ta kuɗi, ko ya ɓata kuɗi? A ɗaya tazara ce ta faɗi, a ɗayan lanƙwasa ce. Babu wata manhajar duba rubutu da za ta yanke wannan hukuncin a madadin marubuci, ko mai ido ne.

Abin da na yi wa kaina, kuma nake yi wa duk kwamfutar da ta shigo ajinmu, shi ne koya wa NVDA sunayen haruffan nan. Ki fara kwafo harafin ƙ daga wani rubutu. Ki danna Insert da N, ki shiga zaɓuɓɓuka, ki nemi sashen furucin alamomin rubutu, wanda muryar za ta kira Punctuation/symbol pronunciation. Ki danna maɓallin ƙarawa, ki liƙa harafin, a wurin abin da za a riƙa faɗa kuma ki rubuta sunan da kike so, ni "ka mai lankwasa" na sa. Akwai abu biyu da za ki kula da su a nan. Matakinsa ki sa shi a na harafi, don kada a riƙa katse miki kowace kalma da dogon suna, sai lokacin da kike bi harafi-harafi kawai za a faɗe shi. Sannan a zaɓin aika alamar zuwa ga murya, ki ɗauki wanda ke cewa a aika in ana ƙasa da matakin alamar, in ba haka ba za a riƙa cire harafin daga kalma idan ana karanta jimla. Ki maimaita wa ɓ da ɗ, da manyansu Ɓ da Ɗ da Ƙ. Aikin minti 15 ne, sau ɗaya za ki yi shi. Daga ranar, in kika danna 5 sau biyu a kan kalma, za ki ji ko ƙasa kika rubuta ko kasa.

Kafin ki samu zama ki yi wannan, ga wata dabara ta gaggawa. Kowane harafi a kwamfuta yana da lambarsa. In kika tsaya a kan harafi kika danna 2 sau uku, NVDA za ta faɗi lambar. Ƙaramin ƙ 409 ne, ɓ 595, ɗ kuma 599. In kin ji 107, to k ce ta kullum.

Ban sani ba ko kina shigar da haruffan ma tun farko, domin da yawa daga cikin ɗalibanmu barin su suke yi gaba ɗaya, su ce babu su a kan maɓallai. Windows tana da tsarin maɓallan Hausa da za a iya ƙarawa a saitin harshe, a riƙa sauyawa tsakaninsa da na Turanci da maɓallin Windows da tazara. A cikin Word kuma za ki iya buga u+0199 ki danna Alt da X, nan take ya koma ƙ. Na ɓ shi ne u+0253, na ɗ kuma u+0257. Kada ki bar wannan u+ ɗin, musamman a tsakiyar kalma. In kina rubuta "baƙi" kika buga lambar kai tsaye bayan ba, Word za ta ɗauka b da a ɗin ma cikin lambar suke, ta ƙi ba ki harafin ko ta ba ki wani abu can.

Akwai kuma hanyar rage wa kai aiki. Wasu kalmomin ba su da tagwaye marasa lanƙwasa, irin su ɗaya, kuɗi, ƙauye, ɗalibi. Waɗannan za ki iya sa su a jerin gyara-da-kanka na Word, wanda ke buɗewa in kin danna Alt, sai T, sai A, ki ce duk inda na buga "daya" a mayar min "ɗaya". Amma ina roƙonki kada ki sa kasa, ko baki, ko kara, ko bata a wannan jerin, domin za ta riƙa lanƙwasa miki inda bai kamata ba, ke kuma ba ki sani ba. Su waɗannan ki ajiye sunayensu a wata 'yar takarda. In kin gama aiki sai ki neme su ɗaya bayan ɗaya da Control da F, ki saurari jimlar da kowace ta fito a ciki, ki yanke hukunci. Jerina ya kai kalma 30 da wani abu, kuma har yau ina ƙarawa.

Sai alamar nan ta sama da ke cikin 'ya'ya da 'yan da sana'a. NVDA ba ta faɗin ta in matakin alamomi yana ƙasa, don haka lokacin duba aiki ki danna Insert da P har sai ta ce duka. Zai dame ki da farko, za ki ji kowane waƙafi da kowace aya, amma a nan ne za ki kama ayar da ta ninku da alamar zance da aka buɗe ba a rufe ba. Ki lura kuma, in alamar ta zo a farkon kalma kamar a 'yan, Word tana juya ta ta mayar da ita alamar buɗe zance. Da kin buga ta ki danna Control da Z sau ɗaya, za ta koma miƙaƙƙiya.

Kin ce kin rasa ganinki kina da shekara 14, wato kin riga kin san surar haruffa, wannan kuwa jari ne. Ban sani ba ko kin koyi rubutun makafi na Braille bayan haka. In ba ki koya ba, ina ba ki shawara ki koya ko da a hutu ne. Shi Louis Braille, wanda aka haifa a Faransa a 1809, yana yaro ɗan makaranta ya tsara ɗigo 6 ɗin nan, kuma har yau ban ga abin da ke dasa haruffan kalma a kan makaho kamar su bi ta ƙarƙashin yatsansa ba. A ajina ina gane wanda ya taso da Braille tun daga aikinsa na farko. Akwai na'urorin da ake haɗawa da kwamfuta su riƙa tura ɗigon sama layi-layi, kamar Orbit Reader 20 mai gurbin harafi 20, sai dai kuɗinsu ya fi ƙarfin yawancin ɗalibanmu. Allo da tsinken hannu ma sun isa a koyi tushen.

Game da ƙawarki kuma, kada ki sallame ta. Masu ido ma suna ba wani ya duba musu aiki kafin su miƙa, marubutan mujallar nan duk akwai mai bin bayansu. Abin da nake so ya canza shi ne yadda take taimakon. In ta ga kuskure kada ta karɓi kwamfutar ta gyara, ta faɗa miki kalmar, ke ki nemo ta ki jero haruffanta ki gyara da hannunki, sannan ki ƙara ta a jerinki. Manhajar da kike amfani da ita ma makafi biyu ne 'yan Ostareliya suka gina ta, Michael Curran da James Teh, tun daga 2006, suka kuma bar ta kyauta. Ki gwada waɗannan a aikinki na gaba, ki rubuto min abin da malamin ya ce.

TAMBAYA

Malam, ni makaho ne, ɗan kasuwa, ba ni da kwamfuta sai waya. Da ita nake aika wa abokan ciniki saƙo da Hausa. Ta yaya zan duba abin da na rubuta kafin in tura? Kuma wani ya ce min yadda nake rubuta "ƴan" kuskure ne.

Mai karatu, daga Maraɗi

AMSA

Alhaji, Allah Ya ba da kasuwa. Wanda ya ce maka kuskure ne bai san ƙa'idar ƙasarku ba. A Nijar ƴ mai lanƙwasa ake rubutawa, a Nijeriya kuma 'y, duk biyun daidai ne a wurinsu. Ka ci gaba da naka.

Ba ka faɗi irin wayarka ba. In Android ce mai TalkBack, wato manhajar da ke karanta maka abin da ke kan wayar, ka sauya ma'aunin karatu zuwa haruffa ta hanyar shafa yatsu uku hagu ko dama, daga nan shafa yatsa ɗaya ƙasa ko sama zai riƙa bi da kai harafi-harafi a cikin saƙon. In iPhone ce mai VoiceOver, wato tata manhajar karantawar, ka ɗora yatsu biyu ka murɗa kamar kana murɗa kan rediyo har ka ji haruffa, sannan ka shafa ƙasa ko sama. Ka ƙara Hausa a cikin harsunan Gboard, wato manhajar maɓallan rubutu ta waya, ka kuma kashe gyara-da-kanka, domin in wayar na kan Faransanci ko Turanci za ta riƙa musanya maka kalmomin Hausa da nata ba tare da ka ji ba. Tun da harkar kuɗi ce, ko ba ka duba komai ba ka bi farashi da lambar asusu lamba-lamba kafin ka danna turawa, domin sifili ɗaya ne tsakanin jaka 5 da jaka 50.